Jirgin Surajo Mai Jinka

A garin Tudun Marke aka yi wannan abu, can hayin gulbi idan ka baro Tibiri. Na zauna garin damina biyu ko uku ina karantarwa, a zauren wani bawan Allah wanda sunansa ya ɓace mini yanzu. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai yawan kyautar kunun tsamiya.

Gulbin nan da rani yashi ne zalla, jakuna ke birgima a ciki. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ya raba garin da sauran duniya. Mai son tsallakawa sai ya nemi masu fito. Su sa shi ya tuɓe, su zuba tufafinsa cikin babbar ƙwarya, ya rungumi gora, su riƙa tura shi suna iyo. Talaka da basarake duk haka ake yi musu.

Shekarar da aka samu 'yancin kai bikin ya faɗo tsakiyar damina, aka kira masu gari duka zuwa Tibiri. Maigari Tsoho, dattijo mai kunya da son tsabta, ya rungumi gora kamar kowa. A tsakiyar ruwa ƙwaryar kayansa ta kife. Ya isa taro rigarsa tana ɗiga, ya zauna a tabarma, da ya tashi sai ga shatin zamansa a jiƙe. Sauran masu gari suka sa masa suna Sarkin Kwaɗi. Sunan ya riga shi dawowa gida.

Bai yi fushi a fili ba. Ya aika aka sayo farin rawani daga Kano, ya tara jama'a a ƙofar gidansa, ya ɗaga shi sama.

"Baɗi za a sake wanga biki," in ji shi. "Duk wanda ya tsallakar da ni a bushe, zan naɗa mai rawanin ga, shi zama Sarkin Jirgi. Kuma a gaban waɗanda sunka yi mini dariya zan naɗa shi."

Ba a taɓa ganin jirgi a garin ba. Sai Surajo ya miƙe.

Surajo mai ginin rumbu ne, ɗan mai ginin rumbu, kuma gaskiya ya iya. Rumbun da ya yaɓe sai ya ga jikokin mai shi. Amma tun da ya je cin rani kudu ya dawo, ya daina amsa sunansa sai an ce Kapitan. Ya ce ya tuƙa jirgin ruwa a Kwatano wanda in ka tsaya a goshinsa ba ka jin kiran sallar da ake yi a gindinsa. Abokan tafiyarsa sun ce abin da suka sani shi ne an tsallake Kwara da shi a Gaya, yana kwance rub da ciki, ya rufe kai da bargo.

"Ranka shi daɗe, a ajiye rawanin ga inda asu ba ya kai," in ji shi. "Mai shi ya samu."

Taubashinsa Ɗantala marini ya ce, "Kapitan, ina jirgin?"

"Jirgi ai abin nema ne. Ilimin ne ba a samu a kasuwa."

Akwai kuwa jirgi. Wani Bature mai sayen gyaɗa ya taɓa kawo shi don harbin agwagin ruwa, da zai koma ƙasarsu ya bar shi bayan kantinsa a Maraɗi, da injinsa na ratayawa a baya. Ya shekara da shekaru a rana. Katakansa sun bushe sun ja baya da juna, har kana iya zura hannu ka gaisa da na ciki. Kajin mai gadi ke ƙwai a cikinsa. Surajo ya ba mai gadin jakinsa ya karɓi jirgi da inji, aka tafa. Sai da aka gama ciniki ya tuna ba shi da abin jan kaya. Ya roƙi aron jakin, mai gadi ya ce jakinsa bai saba da baƙi ba.

Amalanken shanu ya kawo shi. Ranar da ya shigo gari, mata suka leƙo ta kan danga. Dija matar Surajo ta zagaya shi sau ɗaya, ta leƙa ta wata tsaga ta hango maƙwabciyarta a ɗaya gefen.

"Maigida, ina jakin?"

"Na maishe shi jirgi."

"To wa za shi kai taki gona?"

"Matar Sarkin Jirgi ba ta tambayar taki."

"Ai wanga ko kaza ba ta yarda da shi ba sai da ta rasa akurki," in ji ta, ta koma bakin turminta.

Daga baya, da yawo ya kai ni Gaya, na ga yadda masu jirgi ke yi. Suna nutsar da tsohon jirgi a ruwa har katako ya sha ya kumbura, tsagar ta matse, su cusa auduga, su bi da kwalta. A Tudun Marke ba wanda ya san haka, har ni. Abin da muka sani shi ne ruwa yana ruɓar da itace, gara tana cinye shi, kuma duk abin da ya tsage yaɓe shi ake yi.

Saboda haka Surajo ya fara da ɗora jirgin a kan duwatsu, kamar yadda ake ɗora rumbu, don gara. Sannan ya haƙo jar ƙasa mai danƙo, ya zuba yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, wanda sai da ya roƙa a maƙwabta tunda nasa jakin ya tafi. Ya kwaɓa da ƙafa, ya bar ta ta kwana ta ruɓa, ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya yana cikewa. Da ya ga aikin ya yi kyau sai ya yaɓe cikin gaba ɗaya. Da ya ga ciki ya fi waje kyau sai ya yaɓe waje. A ƙarshe ya jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake shafa wa bango don kada ruwan sama ya ci shi, ya shafe jirgin har ya yi baƙi yana sheƙi.

Ɗantala ya zo ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Kapitan, a Kwatano da laka ake yi?"

"Su ba su da ƙasa mai kyau. Shi ya sa suke wahala da ƙarfe."

"In ruwa ya taɓa shi fa?"

"Rumbun ubanka wa ya yaɓe shi?"

"Kai."

"Damina nawa ya sha?"

"Da yawa."

"Ya zuba?"

"A'a."

"To ruwan sama da ruwan ƙasa ba uwarsu ɗaya ba?"

Dattawan da ke wurin suka jinjina kai. Aka tambaye ni, na ce ban ci karo da mas'alar a littafi ba. Da hadari ya fara haɗowa, Surajo ya yi wa jirgin jinka, ya kafa ta a kan sanduna huɗu, don kada ruwa ya taɓa shi kafin ranar biki. Baƙi da ke wucewa suna tsayawa su yaba, su ce ba su taɓa ganin rumbu a kwance ba. Dija ta zuba wakenta a ciki, ta ce tun da aka yi aurensu wannan ne abu na farko da ya kawo gida mai amfani.

Saura inji. Surajo ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwance shi ƙarfe ƙarfe, ya wanke kowane da toka, ya shafe da man gyaɗa. Zakaran Dija ya haɗiye wani ɗan ƙaramin abu mai sheƙi, aka yanka shi aka ciro, aka ci naman. Da ya mayar da komai, sai ga ƙarafa sun ragu cike da tafin hannu.

"Waɗanga fa?" in ji Dija.

"Almubazzarancin Nasara ne. Abin da ƙusa ɗaya za ta riƙe sai su sa uku."

Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ke zuwa ɗaukar gyaɗa ya sam masa isansi, wato fetur, a kwalba da sabon buji, ɗan farin abin nan da ke ba inji wuta. Surajo ya ɗaure injin a jikin turmi, ya naɗa igiya, ya fizga. Shiru. Ya sake fizga, gwiwar hannunsa ta sami Ɗantala a haɓa. A fizga ta ban san nawa ba injin ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya kama ruri. Awaki suka tsallake danga. Turmin ya fara tafiya da kansa, ya nufi madafa. Kafin a cim masa injin ya yi zafi, ya yi hayaƙi, ya mutu.

Direban, wanda ke cin tuwo a zaure, ya leƙo ya ce shi dai ya ji ana cewa irin wannan inji ta ƙafa yake shan ruwa, sai an tsoma farfelarsa a ruwa ake tayar da shi.

"Na sani," in ji Surajo. "Gwada shi nike in ga haƙurinsa."

Gulbi bai kawo ba tukuna. Rijiya ta yi zurfi. Aka gwada randar Dija, farfela ta juya sau ɗaya, randa ta zama tsingaro. Dija ta ɗauki mayafi ta tafi gidan Gwaggo Habi, yayar uban Surajo, ta kai ƙara. Gwaggo Habi ta aiko a gaya masa tun yana yaro ta san kansa ba daidai yake ba.

A garin kaf, wuri ɗaya ne ke da ruwa mai zurfin tsayin mutum a tsaye: ramin rinin Ɗantala, inda yake jiƙa baba, shunin rini.

"Ko kusa," in ji Ɗantala, yana riƙe da haɓa.

"Taubashi, tsaya ka ji. Kullum da safe mi kake yi?"

"Motsa baba."

"Da mi?"

"Da sanda."

"Har kafaɗa ta yi ciwo. Wanga inji kafin ka ce bisimilla ya motsa maka ramin har ƙasa. Marinan Kano da kake ji, da mi kake zaton suna yi?"

Ɗantala ya yarda. Mutum ne mai ƙin wahala, Allah ya sani.

Ranar Juma'a ce da hantsi, mutane sun yi wanka sun sa fararen kaya. Labari ya bazu, gari ya taru a marina. Liman ya zo, ni ma na je. Gwaggo Habi ta zo da ƙwaryar furarta ta sayarwa, ta ce tana son ta ga ƙarshen abin da idonta. Aka gitta gungume a bakin rami, aka ɗaure inji, farfela ta nutse cikin baba. Surajo ya ce kowa ya matso don ya ga aiki da kyau. Muka matso.

Fizga ɗaya ya tashi.

Abin da na iya tunawa shi ne rana ta ɓace. Ramin nan ya miƙe tsaye ya zubo a kanmu. Na ji Ɗantala yana ihu, "Kashe shi! Kashe shi!" na ji Surajo yana amsawa, "Ba a kashe shi, shi ke mutuwa da kansa!" Haka kuwa aka yi. Sai da isansin da ke cikinsa ya ƙare ya tsaya, lokacin babu abin da ya rage a rami sai laka.

Aka tsaya ana duban juna. Ba ka gane kowa sai ya buɗe baki. Gwaggo Habi ta dubi furarta, ta dubi ɗan ƙanenta.

"Surajo."

"Na'am, Gwaggo."

"Zo nan."

"Daga nan ma ina ji, Gwaggo."

Liman ya share gemu, hannun ya fito shuɗi, ya ce a je a yi salla haka nan, baba ba najasa ba ce. Wani baƙo da ya shigo masallaci ranar ya ga sahu, ya ɗauka ayarin Buzaye ne ya sauka, ya tambayi inda muka ɗaure raƙuma. Shunin bai bar kunnuwana ba sai wajen kaka. Surajo kuwa ya bi gari yana cewa duk wanda ya ga ƙarfin da injin ya yi a rami ya san gulbi ba komai ba ne.

Maigari Tsoho bai je marina ba, shi ya sa imaninsa bai ragu ba.

Gulbi ya kawo, ranar biki ta zo. Dija ta kwashe wakenta. Samarin gari kaf suka taru a kan jirgin, suka ɗaga, suka ajiye, suka sake ɗagawa, don ya yi nauyin ɗaki. Da ƙyar aka kai shi bakin ruwa da jinkarsa a kai. Surajo ya ce a bar jinkar, sarauta ba ta tafiya a rana.

Labari ya riga ya tsallake. A ɗaya hayin masu gari sun jeru da mutanensu, waɗanda suka yi dariya bara, sun fasa wucewa wurin taro don su ga Sarkin Kwaɗi a jirgi. Maigari ya fito da sabuwar riga mai aska, ya shiga, ya zauna a kan buzu. Farin rawanin yana cikin ɗan kwando a gefensa. Masu fito suka zauna a kan gorunansu a bakin gaɓa.

Aka tura. Jirgi ya tsaya a kan ruwa.

Wallahi ya tsaya. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗi ya saki kalangu, har Ɗantala ya ce, "Kai, ɗan banzan ga." Surajo ya tsaya a baya, ƙafa ɗaya a kan gefen jirgi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya fizgi igiya. Inji ya kama. Jirgi ya yi gaba yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya bar wata jar hanya a bayansa cikin ruwa.

"Mi ne ne wancan ja?" in ji Gwaggo Habi.

"Jirgin ne," in ji Dija.

Abin da aka faɗa a cikin jirgi daga bakin Maigari na ji shi, bayan shekaru da na koma garin, lokacin da ya fara iya ba da labarin.

"Surajo, buzun ga ya yi sanyi."

"Iskar ruwa ce, ranka shi daɗe. Haka take."

Aka ɗan ƙara gaba.

"Surajo, iskar ta kai idon sawu."

"Gumin jirgi ne. Sabon yaɓe dole shi yi gumi."

"Akwai kifi cikin gumin."

Surajo ya duba. Wani ɓangaren yaɓe mai faɗin faifai ya saki, ana hango gulbi ta ƙasa. Ya saki hannun inji, ya durƙusa, ya damƙo lakar da ta narke ya fara mayarwa. Da aka bar inji ba mai riƙo sai ya karkace, jirgi ya shiga zagaye wuri ɗaya. Mutanen hayi biyu suka riƙa ganin fuskar Maigari, sannan ƙeyarsa, sannan fuskarsa.

"Ranka shi daɗe, taimaka ka danne nan da tafin hannu."

Maigari ya danne.

"Da nan kuma."

"Hannuna biyu ne, Surajo."

"To zauna a kan waccan."

Maigari ya matsa ya zauna a kan waccan. Ruwa ya shigo ta inda ya tashi. Inji ya sha ruwa ta baki, ya yi tari biyu, ya yi shiru. Jirgi ya sauka a hankali, ba gaggawa, har ya zauna a kan wani tudun yashi a tsakiyar gulbi. Daga gaɓa ba a ganin komai sai jinka a kan ruwa, da Maigari a ƙarƙashinta zaune, ruwa iya ƙirji, bai motsa ba, bai tanƙwara wuya ba. Surajo ya riga ya haye kan jinkar ya rungume tukkunta da hannu da ƙafa. Kwandon rawani ya taso, ya juya sau ɗaya, ya fita ta tsakanin sanduna ya bi ruwa.

Masu fito suka dubi juna. Babbansu ya gama taunar goronsa, sannan suka shiga.

Maigari suka fara kaiwa. Ya fita a ɗaya hayin rungume da gora, rigar ta yi ja da laka, a gaban mutanen bara. Ba wanda ya yi dariya da farko. Sai wani tsoho cikinsu ya ce, "Bana har da ɗakinsa ya zo," sai wuri ya rushe da dariya.

Surajo ya fi wuya, don ya ƙi sakin jinka. Sai da aka tsinke ta aka turo shi a kanta, yana ba da umarni a yi dama, a yi hagu. Mu ma muka tsallaka a gora don kada a ba mu labari. Da ƙafar Surajo ta taɓa ƙasa ya miƙe, ya matse hula, ya gyara tsayuwa, ya je ya durƙusa gaban Maigari.

"Ranka shi daɗe, an sauka lafiya."

Maigari ya dube shi, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ƙasar ce ba ta ruɓa sosai ba," in ji Surajo. "Baɗi zan ƙara mata makuba. Amma rabin gulbi dai a bushe munka ci shi, kowa shaida ne. Shi ne na ce, batun rawani."

Dija ta ja mayafi ta rufe fuska. Maigari ya juya ya dubi yamma. Can nesa kwandon ya kife, rawanin ya warware a kan ruwa, fari, dogo, yana tafiya abinsa wajen Gidan Rumji.

"Na ba ka," in ji Maigari. "Ga shi can."

Surajo ya dubi rawani, ya dubi ruwa, ya dubi masu fito. Masu fito suka dubi sama.

Sai ya yi godiya kamar yadda ake yi, ya miƙe, ya kama bakin gaɓa ya nufi yamma. Bai yi gudu ba, don ya ce sarauta ba ta gudu. Muna tsaye muna jin muryarsa yana gaya wa masu wanki su kauce Sarkin Jirgi zai wuce, har ya sha kwanar gulbi. Na yi yawo ƙasashe da dama, na ga naɗi iri iri, amma a nan kaɗai na ga rawani yana gaba, sarkin yana biye da shi a ƙasa.